Thelma Ritter, Mai Gaskiyar da Ake Sallama Kafin Fim Ya Ƙare

Ranar da na fara ganin Thelma Ritter ba da muryarta take magana ba. Wani tsohon kaset ne na fim baƙi da fari da aka juya zuwa Faransanci, an rubuta Le Port de la drogue a jikin kwalinsa, kuma kamar yadda sunan ya nuna, labari ne na masu fataucin ƙwaya a bakin ruwa. Sai bayan shekaru na gane cewa a ainihin fim ɗin babu maganar ƙwaya ko kaɗan. Sunansa na gaskiya Pickup on South Street, Samuel Fuller ya shirya shi a 1953, kuma miyagun da ke cikinsa 'yan leƙen asirin Kwaminis ne. Da za a kai shi kasuwar Faransa, inda Jam'iyyar Kwaminis ke da ɗimbin magoya baya a lokacin, sai masu rarraba shi suka canza kalmomin da ke bakin 'yan wasa, suka mai da 'yan leƙen asiri dillalan ƙwaya. An canza wa fim alƙibla gaba ɗaya ke nan. Duk da haka, abin da ya tsaya mini a rai a wancan kallo na farko shi ne dai ya tsaya mini da na ga na asalin: wata gajeriyar tsohuwa mai yawo da jakar talla, wadda ta dawo ɗakinta da dare ƙafafunta sun gaji.

A kanta nake son yin magana. Ba tarihinta zan zayyana daga haihuwa zuwa mutuwa ba, kodayake dole in taɓo shi. Abin da ya dame ni wani abu ne da na lura yana maimaituwa a finafinanta, har ya kai ba na iya kallonsu ba tare da na zuba ido ina jiran sa ba. A kusan kowane babban fim da ta fito, ita ake ba wa aikin ganin gaskiya tun da wuri. Sannan, da yake labarin ba zai iya ci gaba ba muddin mai ganin gaskiya na ɗakin, sai a nemi hanyar fitar da ita.

A masana'antar fim ta Holiwud ta wancan zamani 'yan wasa kashi biyu ne. Akwai taurari, waɗanda ake rubuta sunansu da manyan baƙaƙe a saman fasta, ake gina labari a kansu, ake sayen tikiti dominsu. Akwai kuma waɗanda zan kira 'yan gefe, waɗanda ba don kyau ko ƙuruciya ake ɗaukarsu ba, sai don suna iya saka wani hali a jikinsu kamar riga: maƙwabciya mai gulma, direban tasi, alƙali mai bacci, 'yar aiki mai tsiwa. Mai kallo ya san fuskarsu sarai, amma in ka tambaye shi suna sai ya yi ta sosa ƙeya. Thelma Ritter ita ce sarauniyar wannan rukuni a shekarun 1950. Sau shida aka sa sunanta cikin masu takarar kyautar Oska ta mataimakiyar jaruma, abin da babu wata mace da ta taɓa kaiwa a wannan rukuni, kuma ko sau ɗaya ba a ba ta ba.

An haife ta a Brooklyn, cikin birnin Niyok, ranar 14 ga Fabrairu 1902. Ta yi karatun wasan kwaikwayo, ta yi shekaru tana yawo da ƙananan ƙungiyoyin wasan dandamali, ta auri Joseph Moran a 1927, wanda shi ma ɗan wasa ne kafin ya koma aikin kamfanin talla. Ta haifi 'ya'ya biyu, ta ja baya da wasa don ta rene su, daga baya ta riƙa samun ƙananan ayyuka a rediyo. Tana da shekara 45 aka fara ganin ta a majigi. Darakta George Seaton, wanda suka daɗe da sanin juna, ya ba ta ɗan guntun rol a Miracle on 34th Street a 1947: uwa ce da ta gaji da zagayen kanti tana neman wa ɗanta motar kashe gobara ta wasa. Ko sunanta ba a rubuta a fim ɗin ba. Amma shugaban kamfanin 20th Century Fox, Darryl Zanuck, ya lura da ita, kuma daga nan ƙofa ta buɗe. Wannan jinkiri yana da muhimmanci a wurina. Matar da ta shigo fim tana da shekara 45 ba ta zo da buƙatar a so ta ba. Ta riga ta yi wanki, ta yi jinya, ta yi lissafin kuɗin cefane, kuma duk wannan yana nan a yadda take tsayuwa.

Mu fara da All About Eve na 1950, domin a nan abin ya fi fitowa fili. Joseph Mankiewicz ne ya rubuta shi ya kuma shirya shi, kuma ya riga ya gwada ta shekara guda kafin nan a A Letter to Three Wives, inda take zaune tana karta a wani gida da ke girgiza duk sanda jirgin ƙasa ya wuce. A All About Eve, Bette Davis ce Margo Channing, tauraruwar dandamali da ta kai shekara 40 tana fargabar tsufa. Wani dare sai aka shigo mata da wata yarinya mai suna Eve, wadda Anne Baxter ta fito a matsayinta, sanye da tsohuwar rigar ruwa, murya ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta zauna ta ba da labarin rayuwarta: talauci, aikin wahala a kamfanin giya, miji da ya mutu a yaƙi, da yadda wasan Margo ya zame mata abin da take rayuwa dominsa. Duk wanda ke ɗakin jikinsa ya yi sanyi. Waɗannan fa mutane ne da sana'arsu ita ce ƙirƙirar labari, marubucin wasa da matarsa da babbar 'yar wasa, amma babu wanda ya ji ƙamshin ƙarya. Sai Birdie, mai yi wa Margo hidima, wato Thelma Ritter, ta yanke shirun da magana guda, ma'anarta dai labarin ya haɗa komai, karnukan farauta kawai suka rage a biyo ta da su. Aka yi mata caa, aka ce ba ta da tausayi, har ta ba yarinyar haƙuri.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa Birdie ta gani su ba su gani ba. Ba don ta fi su wayo ba ne. Ita tsohuwar 'yar wasan barkwanci ce da kasuwarta ta mutu ta koma riƙe wa wata riga, saboda haka ta san yadda ake tsara labari don a sa mutane kuka, ta kuma san cewa mai wahala na gaskiya ba ya ba da labarinsa a jere haka babu tangarɗa. Su kuwa masu kuɗin labarin ya yi musu daɗi ne domin ya nuna musu kansu a matsayin masu jin ƙai. Daga baya da Margo ta tambaye ta ko ba ta son Eve, sai Birdie ta fara tambayar ta: amsa take so ko gardama? Da ta ce amsa, sai ta ba ta a kalma ɗaya. Ta ƙara da cewa yarinyar tana karanta Margo ne kamar littafi, tana haddace tafiyarta da maganarta da cin abincinta. Duk abin da sauran fim ɗin zai kwashe fiye da awa guda yana tonawa, Birdie ta riga ta faɗe shi tana tsaye da tire a hannu.

To ina Birdie ta shiga? Bayan daren walimar nan da Margo ta bugu ta yi wa baƙinta tas, inda muka ga Birdie tana fama da rigunan gashi na matan manya, ba a ƙara ganin ta ba. Ba ta mutu ba, ba a kore ta ba, ba ta yi tafiya ba. Babu wanda ya ƙara ambatar sunanta ta yadda mai kallo zai san makomarta. Fim ne da ya samu shiga takarar Oska a wurare 14, ana yabon rubutunsa har gobe, kuma ya cancanci yabon, amma wannan rami yana nan a tsakiyarsa. Ni a ganina ba mantuwa ba ce. Da zarar Margo ta fara zargin Eve da kanta, aikin Birdie ya ƙare, kuma da za a bar ta a gidan, da wuya makircin da ya biyo baya ya yiwu, don akwai mai cewa "kai, ku dakata." Sai aka miƙa aikin faɗin gaskiya ga Addison DeWitt, ɗan jarida mai sharhin wasanni, wanda ke faɗin gaskiya don ya mallaki mutane da ita. An ba George Sanders Oska saboda wannan rol. Gaskiyar mai kwat da sandar sigari ta samu kyauta, ta mai ɗaukar tire kuwa ko sallama ba a yi mata ba.

Haka aka sake yi mata a The Misfits na 1961, wanda John Huston ya shirya daga rubutun Arthur Miller, fim na ƙarshe da Clark Gable da Marilyn Monroe suka kammala. Ita ce Isabelle, mai gidan haya a garin Reno inda mata ke zuwa kashe aure, hannunta a naɗe saboda karaya, tana koya wa Monroe abin da za ta faɗa a gaban alƙali. Muddin tana nan, fim ɗin yana da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa. Akwai wadda ta san irin mazan nan kuma tana yi musu dariya ba tare da ƙiyayya ba. Ana zuwa garin da ake gasar hawan dawaki sai ta haɗu da tsohon mijinta da matarsa, ta bi su, shi ke nan. Aka bar Monroe ita kaɗai da maza uku a cikin hamada. Na yarda labarin na buƙatar wannan kaɗaici. Abin da nake nunawa shi ne wa ake fara cirewa in ana son jaruma ta shiga uku.

Ko Alfred Hitchcock, wanda ya fi kowa sanin amfaninta, sai da ya yi wannan dabara. A Rear Window na 1954 ita ce Stella, nas ɗin da kamfanin inshora ke turowa ta duba James Stewart, mai ɗaukar hoto da ya karye a ƙafa yake zaune a keken guragu yana leƙen maƙwabta ta taga. Tana shigowa ta fara yi masa faɗa a kan leƙe, tana cewa da mutane za su fita waje su leƙo nasu gidan da ya fi musu. Ta ba shi labarin yadda ta hango karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ba da ilimin tattalin arziki ba, sai don tana jinyar wani babban darakta na General Motors da ke ta zaryar bayan gida saboda fargaba. Duk wannan tana yin sa ne hannunta na aiki, tana sa masa ma'aunin zafi a baki, tana gyara shimfiɗa, tana mulka masa magani mai sanyi a baya har yana zabura. Wannan shi ne sirrin wasanta in har akwai sirri: kusan ba za ka taɓa ganin ta tana magana hannu sake ba. Barkwancin yana faɗowa ne a gefe, kamar ba ta san ta yi ba, kuma ba ta tsayawa jiran a yi dariya.

Abin da ya fi burge ni a Stella shi ne ba ta daɗe a kan wa'azinta ba. Ba a jima ba ita ma ta karɓi madubin hangen nesa. Ita ce ke tsaye tana tunani da ƙarfi a kan inda maƙwabcin zai iya daddatsa gawar matarsa, ta yanke cewa sai dai a bahon wanka saboda jini, alhali Stewart na ƙoƙarin kai loma bakinsa. Ita ce ta sauka da Grace Kelly suka tona gindin furanni da shebur. Kuma a daidai lokacin da kowa hankalinsa na kan kisan kai, ita ce ta lura da wata maƙwabciya mai zaman kaɗaici ta zube ƙwayoyin barci a gabanta. Idon nas ne ya ga wannan, ba idon mai leƙe ba. To da lokacin ya yi da mai kisan zai hauro bene ya samu Stewart shi kaɗai, me aka yi? Aka tara mata kuɗi aka aike ta belin Grace Kelly a ofishin 'yan sanda. Hitchcock dai ya fi Mankiewicz adalci, ya dawo da ita a ƙarshe ta yi maganarta. Wani abin mamaki, wannan rol da duniya ta fi sanin ta da shi bai shiga takarar Oska ba sam.

A nan ya kamata in saurari masu suka, domin suna da abin faɗa. Suna cewa mace ɗaya ta yi ta fitowa shekara 20: murya ɗaya ta 'yan Brooklyn mai fita ta gefen baki, kallo ɗaya, tsiwa ɗaya, sunan kawai ake canzawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kamfanoni sun gano abin da ke sayuwa suka yi ta tatsa. With a Song in My Heart na 1952, inda ta fito nas mai kula da Susan Hayward, bai ƙara mata komai ba sai lambar takara. Pillow Talk na 1959 kuwa ni har haushi yake ba ni. An ba ta rol ɗin 'yar aikin Doris Day wadda kullum take zuwa aiki mayen jiya bai sake ta ba, tana dafe kai a cikin lif, tana satar sauraren wayar Rock Hudson. Ta yi shi da gwaninta, ana dariya, amma dariyar a kanta ake yi, ba tare da ita ba. A shekarar nan, a rukuni ɗaya da ita, akwai Juanita Moore, baƙar fata, wadda ita ma mai aikin gida ta fito a Imitation of Life, uwar da 'yarta ke gudun ta don tana son a ɗauke ta Baturiya. In da ni ke rabon, ko kusa ba zan haɗa biyun ba, na Moore ya yi nisa. Shelley Winters aka ba. Kuma yana da kyau a tuna cewa Ritter, duk da ƙuncin da aka sa ta, ta ci gaba da samun manyan finafinai bayan nan, abin da Moore ba ta samu irinsa ba. Ko a cikin 'yan gefe akwai na gefen gefe.

Sai dai zargin cewa ba ta iya komai sai abu ɗaya ba ya tsayawa in aka kalli Birdman of Alcatraz na 1962. A nan ita ce mahaifiyar Robert Stroud, fursunan da Burt Lancaster ya fito a matsayinsa. Ta yi fafutuka har fadar shugaban ƙasa don kada a rataye ɗanta, ta yi nasara. Amma da ya auri wata mata daga cikin kurkuku, sai ta juya masa baya, ta gwammace ya dawwama a tsare da a ce wata ta raba ta da shi. Babu barkwanci ko ɗaya. Ɗumin nan da muka saba ji daga gare ta shi ne ya daskare ya zama mallaka, kuma abin yana ba da tsoro ne daidai saboda fuskar da muka amince da ita ce. Duk wanda ya taɓa ganin uwar miji da ta ɗauki auren ɗanta a matsayin sata zai gane matar nan tun kafin ta buɗe baki.

Sau biyu kuma, a 1951, an ɗora mata fim kusan gaba ɗaya, kodayake ba a yarda an faɗa ba. A The Mating Season ita ce matar da rumfar sayar da abincinta ta karye, ta tafi wurin ɗanta da ya auri 'yar jakada, amaryar ta ɗauka kuku ce aka turo, ita kuma ta yi shiru ta ɗaura atamfar girki don kada ta kunyata ɗanta. A The Model and the Marriage Broker na George Cukor ita ce mai dalilin aure, labarin nata ne daga farko har ƙarshe, amma sunan Jeanne Crain aka sa a sama. Wato an san za ta iya riƙe fim. Ba a dai yarda fuskar mace mai shekara 49 za ta sayar da tikiti ba. Ba sai mun je Amurka ba kafin mu san wannan lissafi. A finafinanmu na Hausa ma, matan da ke fitowa a uwa ko gwaggo ko mai aiki sau da yawa su ne suka fi kowa iya wasa a wurin, amma sin uku ake ba su, ɗaya na faɗa, ɗaya na kuka, ɗaya na sa albarka.

Yanzu in koma inda na faro. Dalilin da ya sa nake ɗaukar Pickup on South Street a matsayin aikinta mafi girma shi ne, a nan ne kaɗai aka fitar da ita daga labari kuma fim ɗin ya tsaya cak ya kalli fitar.

Richard Widmark ne Skip, ɗan sane da ya sha zaman gidan yari, wanda ya zare walat daga jakar wata mata a jirgin ƙarƙashin ƙasa, bai san akwai ɗan siririn fim mai ɗauke da sirrin gwamnati a ciki ba. 'Yan sanda na neman sa, 'yan leƙen asiri na neman sa. Ritter ita ce Moe, mai tallar taye, wato ɗamarar wuyan nan ta masu kwat, amma ainihin abin da take sayarwa labari ne. Infoma ce. In aka kira ta ofis, sai ta tambayi wanda ya ga satar yadda ɓarawon ya tsaya, yadda ya riƙe jarida, ta wane ɓangare ya matso, domin kowane ɗan sane da salon hannunsa, kuma ta san su duka kamar yadda ungozoma ta san 'ya'yan unguwa. Sannan a yi ciniki, tana kukan tsadar rayuwa. Ta sayar da Skip ga 'yan sanda, ta sake sayar da shi ga matar da aka yi wa satar. Da Skip ya ji, bai yi fushi ba, cewa ya yi ai dole ta ci abinci. Fuller ya yi aikin jarida a fagen laifuka tun yana matashi, kuma ya san wannan duniya da kowa ke da farashi amma ba a ɗaukar hakan cin amana.

Me take yi da kuɗin? Tara su take yi don ta sayi kabari. Ta riga ta ga wurin, wata maƙabarta mai tsabta a Long Island, kuma tana son a kafa mata dutse da sunanta. Abin da take tsoro a duniya shi ne a kai ta maƙabartar marasa gata ta birnin, wadda ke tsibirin Hart, inda ake jera akwatunan gawa a dogon rami ɗaya, lamba ce a jiki maimakon suna, a wancan zamanin fursunoni ne ke binnewa. Har barkwanci take yi da abin, tana cewa in aka binne ta a can to kashe ta za a yi. Mai karatu da ya taɓa ganin tsohuwa ta sayi likkafaninta ta ninke ta ajiye a ƙasan adaka ba ya buƙatar a yi masa bayanin Moe. Mace ce da rayuwa ba ta ba ta mutunci ba, ta ƙudura sai ta saye shi ko da na bayan rai ne.

Sai daren. Ta hau bene da ƙyar, ta shiga ɗakinta, ta ɗora faifai a garmaho, ta zube a gado. Can ta lura akwai mutum a ɗakin. Joey ne, wakilin 'yan leƙen asirin, wanda Richard Kiley ya fito a matsayinsa, gumi na keto masa. Yana son ta gaya masa inda Skip yake, ya kuma ajiye mata kuɗi masu yawa, waɗanda da ta karɓa da kabarin ya samu. Matar da ta sayar da Skip sau biyu a kan 'yan canji ta ƙi. Rubutun fim ɗin ya ba ta dalili na siyasa, cewa ba ta san komai game da Kwaminis ba illa dai ba ta son su, kuma wannan ita ce magana mafi rauni a wurin, irin ta zamanin da Amurka ke ganin jan fatalwa a kowane lungu. Amma Ritter ba a kan wannan ta jingina wasan ba. Ta san wannan mutumin kashe yaron zai yi, 'yan sanda kuwa kama shi kawai za su yi, kuma a nan iyakarta take. Shi ya sa da Faransawa suka cire siyasar, wurin bai rasa komai ba.

Abin da ya biyo baya minti kaɗan ne. Ya zaro bindiga. Ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma yi masa jarumta ba. Ta fara gaya masa yadda ta gaji ne kawai: bayanta na ciwo, kanta na ciwo, ba ta iya barci da dare, tashi da safe ta sa kaya ta bi titi ta hau benaye ya zame mata dutse. Ta ce ta san ba za ta samu jana'izar da ta yi wa tanadi ba, ta dai yi ƙoƙari. Ta ce in ya harbe ta taimakon ta ya yi. Kyamara na matsowa a hankali zuwa fuskarta, babu kwalliya, idanu sun yi jawur, kuma murya ita ce dai muryar nan da ta sa mu dariya a bakin Birdie da Stella, da faɗuwarta iri ɗaya a ƙarshen magana, sai dai an zare dariyar. A wurin na fahimci cewa gajiyar nan tana ƙarƙashin duk sauran matan da ta fito a matsayinsu. Tsiwar Birdie ta wadda ta wuni a tsaye ce. Sai kyamara ta kauce daga kanta ta koma kan garmaho, aka ji ƙarar harbi, allura ta kai ƙarshen faifai tana ta karta.

A shekarar Donna Reed aka ba kyautar, saboda From Here to Eternity, fim ɗin da ya kwashe Oska takwas. Ba na jin haushin Reed, ta yi aikinta. Amma na kalli biyun fiye da sau ɗaya, kuma ban ga inda za a kwatanta ba. Masu zaɓen sun saba bin fim mai tashe, na Fuller kuwa ɗan ƙaramin fim ne na 'yan sane da 'yan sanda, minti 80 kacal. Abin da ta samu a hannu ya zo ne daga dandamali, inda ta faro: a 1958 an ba ta kyautar Tony saboda New Girl in Town, ita ma rabawa suka yi da Gwen Verdon, jarumar wasan. Fim ɗinta na ƙarshe a 1968 George Seaton ne ya shirya shi, mutumin da ya fara sa ta a gaban kyamara. Ta rasu a Niyok ranar 5 ga Fabrairu 1969 bayan bugun zuciya, saura kwana tara ta cika shekara 67.

Fuller bai bar Moe a ɗakin nan ba. Akwai wani ɗan gajeren sin bayan haka, a kan ruwa, cikin duhu. Jirgin da ke kwasar gawarwakin marasa gata ya kama hanyar tsibiri da akwatuna jere, kowanne da lambarsa. Sai ga Skip ya iso da takarda a hannu, ɗan sanen da tun farkon fim bai yi wa kowa komai kyauta ba. Aka duba lamba, aka zaro akwatin Moe daga cikin sauran, aka sauke masa. Ma'aikacin jirgin ya tambaye shi abin da zai yi da ita, ya ce binne ta zai yi.